Inda Alli Ya Tsaya

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Baba, ka yi haƙuri. Littafinka na shirya darasi na ɗauko a akwati, ɗaya daga cikin sababbin da ba ka taɓa ba. Na san ba don surutun yarinya aka yi shi ba. Kuma wace ce ni da zan ce zan yi rubutu, ni da ko a aji sai an kira sunana sau biyu kafin murya ta fito? Amma Malama Hajara ta ce duk wadda za ta iya, ta riƙa rubuta abin da ya same ta a makaranta, ba don wani ya karanta ba. To ba wanda zai karanta. Kai ma ba za ka karanta ba. Na kira sunanka ne don ban san wanda zan ba haƙuri ba.

Malama Hajara ɗalibar jami'a ce, digiri na biyu take yi. Ta zo makarantarmu bincike a kan kwamfutocin hannu da aka raba mana zangon da ya wuce, waɗanda muke ce wa tab. Yau ta shigo ajinmu ta zana zagaye uku a allo, kowanne ya shiga cikin ɗan'uwansa. Na farko, in ji ta, sanin darasin kansa. Na biyu sanin yadda ake koyar da shi. Na uku sanin na'ura. Ɗan wurin da ukun suka haɗu a tsakiya ta shafe shi da alli, ta ce masana sun ce nan ake son malamin wannan zamani ya tsaya.

Motunrayo, da muke benci ɗaya, ta zungure ni. "Wurin nan ko ƙafa ɗaya ba zai ɗauka ba." Na danne dariya har ƙirjina ya yi ciwo.

Na duba zanen ina neman inda Baba yake. Shekara ashirin da shida yana koyar da lissafi a makarantar nan. Zagaye biyu ya cika su har sun zuba. Na ukun ko kusa.

Laraba, 7 ga Mayu

Yau lissafi. Duk malamai sun koma tab, ban da Baba. Ya shigo ya ce, "A mayar da kayan wasa jaka."

Ga yadda yake yi, tun ina ƙaramar sakandare. Sai ya kira mutum allo, ya ba shi alli, shi kuma ya koma bakin taga ya juya baya. Ba ya kallon allon. Kina rubutu kina faɗin abin da kike yi, shi yana sauraren allin. In ya yi gudu, ya san hadda ce. In ya tsaya, sai ya ce, "Nan ne. Me ya tsayar da ke?" Yau Motun ta goge wani abu da yatsa a hankali, ko ni da ke gaba ban ji ba. Ya ce, "Motunrayo, mayar da abin da kika goge. Shi ne daidai." Ta ce, "Malam, wallahi kai aljani gare ka." Ya ce, "Aljanina ya ce ki ci gaba."

A aji Malam nake ce masa. Sai mun fita ƙofa ya koma Baba.

Asabar, 10 ga Mayu

Zafi. Ba wuta tun jiya. Na yi wanki, ban yi karatu ba.

Talata, 13 ga Mayu

Malama Hajara ta dawo da wani zanen, tsani mai hawa huɗu. A hawan farko na'ura ta maye gurbin littafi ne kawai. A na biyu ta ƙara ɗan sauƙi. A na uku ta canza aikin. A na huɗu ana yin abin da a da ba zai yiwu ba sam. Ta kuma ce masana sun gano abu biyu ne ke sa mutum ya karɓi na'ura: ya yarda tana da amfani, ya kuma same ta da sauƙin sarrafawa. Na rubuta duka da kyau. Ina son yadda take magana, kamar komai na duniya yana da mazauni.

Sai ta raba mana takardar tambayoyi. Ba a sa suna. Kowane malami da layinsa: yana amfani da tab kullum, ko wani lokaci, ko bai taɓa ba. Na leƙa ta Motun, a layin Malam Zakariyya ta zaɓi wani lokaci. Na ce mata ai ba gaskiya ba ne. Ta ce, "Ke ustaziya, ubanki ne fa." Na ce shi ya hana ni ƙarya. Na zaɓi bai taɓa ba.

A ƙasa akwai fili: me kike jin ya hana shi? Kowa ya bar shi fayau. Ni kuwa ba na iya barin tambaya ba amsa. Na rubuta abin da yake faɗa a gida: Ba ya so. Ya ce wasan yara ne.

Alhamis, 15 ga Mayu

Kwana biyun nan in za mu tsallaka titin Gidan Zoo, Baba sai ya riƙe igiyar jakata. Ya ce 'yan adaidaita sahu ba su da hankali, kada su kwashe ni. Shekarata sha shida. Na ji kunya, amma na bar shi.

Litinin, 26 ga Mayu

Baba ya dawo bai ci tuwo ba. Umma ce ta gaya mini a madafa, murya ƙasa-ƙasa. Shugaban makaranta ya kira shi ofis. Ashe sai da aka yi sharaɗi kafin a bar Malama Hajara ta yi bincike, cewa za ta bar wa makaranta kwafin takardun. Sun ce kowane malami zai koyar da darasi ɗaya da tab a gaban hukumar makaranta, ran ashirin da biyar ga Yuni. Wanda ya kasa, ba shi da aji a sabuwar shekara.

Kuma shugaban ya zaro takarda ɗaya ya karanta masa. Ya ce, "Malam Zakariyya, wannan rubutun ba sai an sa suna ba. Irin hannunka ne. Har 'yarka ta shaida."

Shi ya koya mini rubutu, harafi bayan harafi. Duk makarantar an san hannun.

Umma ba ta yi mini faɗa ba. Gara ma ta yi.

Laraba, 28 ga Mayu

Baba bai tayar da maganar takardar ba. Ya riƙe igiyar jakata kamar kullum.

Asabar, 31 ga Mayu

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi na same shi a tsakar gida a kan tabarma, na durƙusa na ce, "Baba, in koya maka tab ɗin? Wallahi ba wuya." Ya ce, "Kawo." Na kunna, na ce ya taɓa koren akwatin da ke sama. Ya taɓa ƙasa. Na ce sama, Baba. Ya matso da tab ɗin har ya kusa taɓa hancinsa, ya kai shi gefe, ya dawo da shi, yana karkata kai kamar mai leƙen ramin makulli. Hawaye ya zubo masa a ido ɗaya, na haske ne ba na kuka ba.

Ya ce, "Sadiya, wane launi kika ce?"

Sai komai ya faɗo mini lokaci ɗaya. Igiyar jaka. Rajistar da yake kira da ka, ba ya buɗewa. Takardun gwaji da yake sa mu musanya mu duba wa juna. Tagar da yake tsayawa.

Na ce, "Tun yaushe?" Ya ce shekara biyu da ya fara lura, bana abin ya yi sauri. Gefe-gefen ya tafi, saura ɗan tsakiya, shi ma haske na kashe shi. Farin alli a baƙin allo, in an rubuta da girma, yana ɗan kamawa. Gilashi mai walƙiya kuwa, ruwa kawai yake gani.

Na ce a gaya wa makaranta. Ya ce, "Malami mai taurin kai ana lallashinsa. Makaho sallamarsa ake yi. Ki bar su a kan taurin kan."

Umma ta sani. Ni kaɗai ce ban sani ba, ni da nake zaune a gabansa kullum.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar Sallah. Bana maƙwabcinmu ne ya yanka mana ragon. Baba ya ce hannunsa ke ciwo.

Talata, 10 ga Yuni

Umma ta yi ta magiya har ya yarda muka je asibitin koyarwa. Layi tun daga baranda. Likitar ta ce hawan jinin ido ne. Ta ba da maganin ɗigawa, ta ce zai tsare abin da ya rage in Allah ya so, amma wanda ya tafi ba ya dawowa. Ta ce, "Baba, me ya sa ba ka zo da wuri ba?" Ya ce, "Ina da aji."

A hanya na tuna abu biyun Malama Hajara, amfani da sauƙi. Na juya su ta kowane gefe, ban ga inda za a sa Baba ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Mun samo dabara. Zai haddace wuraren dannawa. Na liƙa ƙananan gutsattsarin salatif a gefen tab ɗin, yatsansa ya bi: daga na farko ka shiga taku biyu ka danna, daga na uku ka ja hagu. Dannawa goma sha ɗaya ne darasin duka. Kullum bayan la'asar muna yi. Yau ya yi sau biyar ba kuskure. Ya ce, "Ashe malamar tawa ta iya, muryar ce dai sai an sa kunne." Umma ta kawo mana kunun tsamiya tana dariya. Rabon da a yi dariya a gidan nan.

Na gaya wa Motun, ita kaɗai. Ta ce mamanta na zuwa coci ran Laraba, za ta sa a saka shi a addu'a, ba za ta faɗi dalili ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Mutum huɗu suka zauna a bayan aji da takardunsu, har da shugaban. Malama Hajara ma ta zo.

Dannawa huɗu na farko lafiya lau, hoton na fitowa a babban allon bango. A ta biyar wani farin akwati ya faɗo tsakiyar gilashin, wai na'urar na son sabunta kanta, a zaɓi yanzu ko an jima. Bai taɓa fitowa a gida ba. Baba bai san ya fito ba. Ya ci gaba da dannawa yana bayani, "Kun ga yadda layin ya sauko nan," yana nuna bango, bangon kuwa ba komai sai akwatin. Aji ya yi tsit. Wata a baya ta yi 'yar dariya ta haɗiye.

Taku uku ne tsakanina da shi. In tashi in danna an jima, shi ke nan. Ina jin idon shugaban a ƙeyata. Ina ta cewa yanzu, yanzu, ban tashi ba.

Motun ce ta tashi. Ta ce, "Malam, abin nan ya rikice, kullum haka yake mana," ta danna. Amma ya riga ya gane daga shirun. Lissafin dannawarsa ya ɓace. Ya ajiye tab ɗin a tebur a hankali, kamar ƙwai. Ya laluba aljihu ya ciro alli. "Sadiya Zakariyya, zo allo."

Ya koma tagarsa. Na rubuta, na tsaya, ya ce nan ne. Ya kira wata, ya kira wata. Minti talatin, har wadda ba ta taɓa ganewa ba ta ce, "Au!" da ƙarfi. Ban taɓa ganin ya koyar kamar yau ba. Na saci kallon baya. Malama Hajara ta daina rubutu. Sauran suna duban takardarsu, ina jin suna neman layin da za su sa wannan, babu.

Alhamis, 26 ga Yuni

Taku uku.

Juma'a, 18 ga Yuli

An ba Baba takardar sallama. Sun gode masa da daɗewar hidima. Ni na karanta masa, a zaure, don bai so Umma ta ji daga bakin takarda. Da na kai ƙarshe ya ce, "Kin tsallake waƙafi a layi na uku." Ya ninke ta ya sa a aljihun da yake sa alli.

An yi ruwa da yamma, kwatar layinmu ta cika ta shigo ƙofar gida. Na yi ta kwalfewa, na ji daɗin samun abin yi.

Asabar, 26 ga Yuli

Malama Hajara ta zo gida. Ta yi ta tambaya a unguwarmu, Gyaɗi-Gyaɗi, har aka nuna mata. Ta durƙusa a bakin tabarma ta ƙi hawa. Ta ce, "Malam, ni na jawo. Na ce wa yara ba mai gani, kuma na miƙa takardun." Ta ce ranar darasin ta gane, tun da ta ga yatsansa na bin gefen tab. Ta je ta roƙi shugaban ba tare da ta tona ba, ya ce an riga an ɗauki wani.

Baba ya ce ta bar kuka, ta ba shi labarin zagayen nan da ake ta faɗa. Ta yi masa bayani. Sai ta ce akwai abin da ba ta zana mana ba. A littafin masanan, akwai wani babban zagaye na ɗigo-ɗigo da ya kewaye ukun duka, sunansa halin da ake ciki: wane ne malamin, su wane ne yaran, me ke gare su, me suka rasa. Ta ce allon ne ya cika ranar, kuma ba a cika tambaya a kansa ba don ba ya aunuwa.

Baba ya yi dariya sosai. "To ashe ina cikin hoton. A bakin katanga aka ajiye ni." Ya ce ta rubuta shi a bincikenta, har idon, amma ta bari sai ta fahimci abin kafin ta auna shi.

Da ta tafi na matso kusa da shi. Na ce, "Baba, takardar tambayoyin nan, ni ce." Ya ce ya sani tun ranar. Na ce kuma ranar darasi ban tashi ba. Ya ce ya ji bencina ya motsa sau uku.

Ya ce, "Abin da na faɗa kika rubuta. Ke ba ki yi ƙarya ba, Sadiya. Ni na yi, kika kwafa da kyakkyawan hannu."

Na so ya zage ni. Wannan ya fi ciwo.

Laraba, 20 ga Agusta

Hutu. Ya sa an shafa baƙin fenti a bangon zaure. Ya ce don kada in manta lissafi kafin a koma. Ina jin ba don ni ba ne.

Litinin, 15 ga Satumba

An koma, ajin ƙarshe. Na tsallaka titi ni kaɗai, jakar ba nauyi. Sabon malamin lissafi Malam Kabiru, matashi ne, yana da fara'a. Na ƙudura ba zan so darasinsa ba. Motun ta ce, "Ki saki fuska mana, ba shi ya kore shi ba." Na ce haka fuskata take.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ba na son rubuta wannan.

Akwai zanen nan mai lanƙwasa kamar ƙwarya, wanda wani lokaci ke kife wani lokaci a buɗe. Shekara guda Baba na yi mini shi. Ina samun amsa, amma hadda ce, shi ma ya sani, kullum a wuri ɗaya allina ke tsayawa. Yau Malam Kabiru ya ce kowa ya sa yatsa a kan lambar farko a tab ɗinsa ya ja. Na ja. Ƙwaryar ta buɗe baki, ta baje, ta miƙe ta zama layi, sai ta kife. Na dawo da ita ta tashi. Na yi ta yi. Minti ɗaya bai cika ba na ga dalilin, gaba ɗayansa, kamar an buɗe taga.

Hawa na huɗu ke nan, ina ji. Wanda a da ba zai yiwu ba.

Baba ya tambaye ni me aka yi yau. Na ce ba komai, bita ce.

Asabar, 4 ga Oktoba

Da safe ya kira ni zaure ya miƙo alli. Cikin duk tambayoyin duniya, ita ya ba ni, ta ƙwaryar. Ya juya ya fuskanci ƙofa. Na yi niyyar in tsaya a inda na saba tsayawa, ko na daƙiƙa biyu. Hannuna ya wuce kafin in tuna.

Na gama. Ana ta hayaniyar masu kayan miya a waje.

Ya ce, "Yau allinki bai tsaya ba. Kuma ba gudun hadda ba ne. Wa ya koya miki?"

Na ce Malam Kabiru. Ya ce da me? Na ce da tab.

Sai ya buɗe tafin hannunsa ya miƙo mini. "Nuna mini yadda take motsi." Na sa yatsa na zana masa ƙwaryar a tafin, na baje ta, na kife ta, ina bayani. Ban san na yi magana mai tsawo haka ba sai da Umma ta leƙo ta ce wace baƙuwa ce ke ɗaga murya a zaure. Ya ce, "Sake. A hankali." Na sake sau huɗu. A na ƙarshe ya rufe hannunsa a kan yatsana ya ce, "Shekara ashirin da shida ina gaya musu tana motsi."

Jiya Malam Kabiru ya ce ran Litinin yana son wadda za ta fito gaba ta nuna wa aji ƙwaryar. Ban ɗaga hannu ba. Na dai bar sunana a takardar da ke teburinsa, ƙarami, a can ƙasa. Wataƙila ba zai gani ba.

Baba, shafi biyu suka rage a littafin nan. Akwai sauran guda shida a akwatinka, sababbi, da layukansu na darasi da ba za a cike ba. Wannan na ɗauka ba da izini ba. Na biyun ba zan sata ba. Bayan azahar zan zo in durƙusa in tambaye ka da bakina, da muryar da za ka ji ba sai ka sa kunne ba, ko ka yarda in ɗauki wani in ci gaba. In ka ce me nake rubutawa, zan karanta maka. Har taku ukun.